Tocila mai caji mai harba haske nesa: wacce ta cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya shiga layin masu kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko ya leƙa Jumia da AliExpress a wayarsa, zai ga tociloli masu caji iri-iri, kowace da lambobi manya-manya a jikin kwalinta. Wannan ta ce lumen 20,000, waccan ta ce 100,000, wata kuma ta ce haskenta na kai kilomita biyar. Mai saye kuwa buƙatarsa ba ta da yawa. Mai gadi ne yana son ya hango wanda ke tsaye a ƙarshen katanga, ko manomi mai kwana a gona lokacin girbi, ko makiyayi mai zagaya garke, ko ɗan banga, ko magidancin da wuta ba ta zama a unguwarsu. Abin da yake so shi ne tocilar da za ta shiga aljihu, ta kai nesa, ta kuma kai asuba ba ta mutu ba. Matsalar ita ce waɗannan abubuwa uku ba sa haɗuwa cikakku a tocila ɗaya, dole a rage wani don a samu wani, kuma lambar da aka fi buga wa da manyan baƙaƙe a kwali ita ce mafi ƙarancin amfani wajen yanke shawara.

Lumen awo ne na jimillar hasken da ke fita daga tocila, ko ina ya nufa. Nisa kuwa wani awo ne daban ke nuna shi, wanda ake kira kandela, wato ƙarfin haske a tsakiyar bakin tocilar, inda ya fi taruwa. Ruwan da ke cikin ƙwarya in ka watsa shi a gabanka zai zube ya jiƙa fili mai faɗi, amma rabinsa in ka zuba a buta ka tsiyaya, sai ya tafi siriri ya sauka can gaba. Haka tocila mai lumen kaɗan take iya fin mai lumen da yawa nisa, in an tara haskenta wuri ɗaya.

Kamfanonin kirki suna bin wani ma'auni da aka fitar a Amurka a 2009, mai suna FL1. A ƙarƙashinsa, nisan tocila shi ne inda haskenta ya ragu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu na lux guda (lux awo ne na hasken da ke sauka a kan abu), kwatankwacin hasken farin wata a daren sha huɗu. Lissafin ba wuya. Nemo lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka yawan kandelar, sai ka ruɓanya ta biyu. Kandela 10,000 mita 200 ke nan, 40,000 mita 400, 90,000 mita 600, kilomita guda kuma sai an kai kandela 250,000. Ka lura, ruɓanya nisa sau biyu yana cin ƙarfi sau huɗu. Sannan hasken farin wata ba ya isa ka gane fuskar mutum daga nesa, ko ka bambance sanda da bindiga. Ni dai in na ga mita 600 a kwali, mita 200 zuwa 300 nake sa wa a rai a matsayin inda za ta yi mini aiki na gaske. Kwalin da bai rubuta kandela ko mita bisa wannan ma'auni ba, sai lumen kawai da sifili rututu, to a yi hattara da shi.

Ita ma maganar lumen 100,000 a tocilar aljihu, lissafi kaɗai ya isa ya rushe ta. Ƙwan LED mai kyau, in ana matsa masa, yana ba da lumen wajen 100 a kowane watt. Lumen 100,000 na buƙatar wajen watt 1,000, wutar da dutsen guga ke ja. Akwai tocilar da ta kai wannan adadi, Imalent MS18, amma ƙwai 18 gare ta, da batir takwas manya, da fanka a ciki don sanyaya ta, nauyinta kuma ya kusa kilo biyu. Abin da ya shiga aljihun riga da batir ɗaya ba zai yi wannan ba.

Wadda ta fi cika kasuwanninmu ita ce mai zuƙowa, wadda ake jan kanta gaba da baya, haske ya buɗe ya yi faɗi ko ya tsuke. A shago tana burgewa ƙwarai, domin mai sayarwa zai haska bango ya tsuke ta ka ga ɗan murabba'i mai haske. Wannan murabba'in hoton ƙwan ne kansa gilashin ya jefa a bango. Abin da ba a faɗa maka shi ne, lokacin da aka tura gilashin gaba ya yi nesa da ƙwan, babban kaso na hasken ba ya kai wa ga gilashin, a cikin bututun yake mutuwa. Ka samu nisa, amma ka yi asarar haske mai yawa, kuma babu ko ɗigon haske a gefe da zai nuna maka inda kake taka ƙafa. Bayan haka, kan da ke zamewa gaba da baya yana shaƙar iska yana fitarwa duk sanda aka ja shi, ƙurar hunturu da danshin damina kuma ta nan suke shiga. Ga maɓallinta, yawanci sai ka bi ta haske mai ƙarfi, da matsakaici, da mai walƙiya, da na neman agaji kafin ta mutu. Mai gadin da yake son ya kashe fitila nan take don kada a san inda yake, wannan kaɗai ya isa ya hana shi saye. Kyawunta arha ne, kuma in an buɗe ta tana ba da haske shimfiɗaɗɗe mai daɗin aiki a ɗaki ko shago. In kuɗinka iyakarsa ke nan, saye ta, amma ka ware wani abu ka sauya batirin da ta zo da shi.

Kusa da ita akwai manyan tocilolin roba masu hannu, waɗanda ake soka su kai tsaye a soket. Da yawansu batirin dalma ne a ciki, ƙaramin ɗan'uwan na mota. Faɗin bakinsu yana sa su kai nesa fiye da yadda ake zato, amma batirin dalma ba ya son a shanye shi ƙarƙaf a bar shi kwanaki ba caji, kuma hakan ne ke faruwa a unguwar da ake yin kwana uku ba a kawo wuta ba. Shi ya sa bayan 'yan watanni sai ka ga tana yin minti ashirin ta yi ja. Ba ta shiga aljihu, ba kuma a cajinta da fawa banki. Don tsakar gida ba laifi, don yawon dare ba ita ba ce.

Akwai wasu iri biyu kuma, su ne ainihin inda zaɓin yake, wato madaidaiciyar tocila mai jiki da kai kusan kauri ɗaya, da kuma mai faffaɗan kai da aka ƙera musamman don nisa. Duka jikinsu na alminiyam ne, batirinsu litiyam, kansu kuma ba ya motsi.

Misalai uku, biyun farko madaidaita, ta uku mai faffaɗan kai, za su nuna bambancin, bisa alƙaluman da kamfanoninsu suka bayar. Wurkkos FC11 tana da lumen 1,300, amma nisanta mita 144 ne. Fenix PD35 V3.0 tana da lumen 1,700 da nisan mita 357. ThruNite Catapult Mini kuwa lumen 680 kacal gare ta, kusan rabin na Wurkkos, amma tana kai mita 598, fiye da ninki huɗu. Da lumen mutum zai bi, da ta ƙarshen ce zai fara watsarwa, alhali ita ce mai nisan.

Abu biyu ne ke kawo wannan: ƙanƙantar ƙwan da faɗin kaskon da ke tara hasken. Ƙwai ƙarami mai shafaffen sama, irin Luminus SFT40 ko na Osram mai faɗin milimita ɗaya ko biyu, shi ke ba da tsinin haske. Babban ƙwai mai kumburarren sama, irin Cree XHP70, lumen ɗinsa da yawa amma bazuwa yake yi. Kaskon kuma, gwargwadon faɗinsa da zurfinsa da santsinsa, gwargwadon nisan. Kasko mai sheƙi sumul na nisa ne, mai ɗan gurje-gurje kamar ɓawon lemo yana tausasa haske ya baza shi. Saboda haka ba yadda za a yi tocila siririya mai kai milimita 25 ta kamo mai kai milimita 45 in ƙwansu ɗaya ne. Wanda ya riƙe tocila a shago zai iya leƙa bakinta ya ga waɗannan da idonsa tun kafin a kunna.

To wacce ta fi? A nan ne nake ganin mutane da yawa suke zaɓen tumun dare, domin nisa yana da daɗin nunawa. Mai tsinin haske tana jefa ɗan da'ira mai ƙarfi can nesa, kusa da kai kuma sai ɗan haske mara ƙarfi. In ka haska abu a mita biyar da ita, hasken ya dawo ya kashe maka ido, ka ɗaga kai ka ga duhu ya ƙaru. Wanda ke tafiya a gona ko a jeji da dare, hatsarin da ya fi kusa da shi a ƙarƙashin ƙafarsa yake. Ba banza ba aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe, kububuwa kuma ƙarama ce, launinta na ƙasa, ba ka ganinta sai haske ya sauka a kanta sosai. Manomi, da mai zuwa masallaci da asuba ta lungu, da mai duba injin ban ruwa, da matar gida mai zagaya ɗakin kaji, duk madaidaiciya ce tasu, wadda ke da tsakiya mai ƙarfi da kuma gefe wadatacce. Wadda ke da kandela 20,000 zuwa 35,000, wato mita 280 zuwa 370 a takarda, za ta nuna maka mutum sarai a tsawon filin ƙwallo, ta kuma haska hanyar da kake bi. Ga yawancin masu karanta wannan, ita zan ce su saya.

Mai faffaɗan kai ta wanda aikinsa hange ne. Mai gadin makaranta ko ma'ajiyar kaya mai doguwar katanga, makiyayin da ke son ƙirga idanun shanu daga nesa ya ga ko akwai baƙon ido a cikinsu, masunci a Yauri ko bakin tafkin Chadi mai neman gaɓa ko alamar komarsa, ɗan sintirin da ke tsaye a bakin gari. Su kam mita 350 ba ta isa. A wannan aji akwai Convoy C8+, wadda ta yi suna saboda arha da ƙarko, sai dai ba ta da ramin caji a jiki, sai ka cire batirin ka sa a cajar daban. Akwai Sofirn IF22A mai ƙwan SFT40, lumen 2,100 da nisan da ya kusa mita 700 a takarda, da ramin USB-C da babban batir. Ita Catapult Mini gajeruwa ce ƙwarai, amma gajartar daga batir aka cire ta, ɗan guntu ne mai lamba 18350, wanda bai kai sulusin babban ba. Don leƙawa nan da can ta yi, don gadin dare guda sai da batir na biyu a aljihu. Kan irin waɗannan ba ya zama daidai a aljihun wando, aljihun gefe na kaftani ko jaka ya fi dacewa da su.

Akwai wani aji kuma da ake kira LEP, inda hasken leza ke bugun wani sinadari ya koma fari. Fenix TK30 misali ce, lumen 500 amma mita 1,200. Haskenta kamar sanda yake, babu gefe ko kaɗan, ga tsada. Ban ga wanda zan ba shawarar ya yi ta tocilarsa ɗaya tilo ba.

Hazo yana sauya lissafin nan duka, kuma masu ƙera tocilolin ba da hunturunmu suke gwaji ba. In ƙura ta cika iska daga Disamba zuwa Fabrairu, hasken da ke bazuwa yana bugun ƙurar da ke gabanka ya dawo idonka, sai ka ga farin labule maimakon abin da kake nema. Siririn haske ya fi ratsawa, musamman in ka riƙe tocilar ƙasa wajen ƙugu ko ka miƙa hannu gefe, nesa da layin idonka. Launin haske ma yana da tasiri. Fari mai shuɗi-shuɗi, wanda ake rubuta wa 6500K, ya fi ɗaukar ido a shago, amma ya fi dawowa a cikin ƙura, yana kuma wanke launin abubuwa. Mai 4000K zuwa 5000K, wanda ya ɗan karkata zuwa ruwan ƙwai, ya fi sauƙi ga ido, ya fi kuma raba launin maciji da na busasshiyar ciyawa. In an ba ka zaɓi, ɗauki 5000K.

Yanzu batir, inda aka fi cutar mutane. Lambar da ke jikinsa girmansa ce: 18650 na nufin kauri milimita 18 da tsawo 65, 21700 kuma kauri 21 da tsawo 70. Mafi kyawun 18650 daga manyan masu ƙera shi, irin su Panasonic da Samsung da LG, yana tsayawa ne wajen 3,500mAh (mAh awo ne na yawan cajin da batir ke ɗauka). Na 21700 kuma wajen 5,000mAh. Duk 18650 da ka ga an rubuta masa 8,800 ko 9,900mAh ƙarya ce tsagwaronta, kuma irinsu ne aka fi sakawa a cikin masu zuƙowa. Hannu ma yana ganewa, domin na gaske yana da nauyin giram 45 zuwa 48, na jabu kuwa sau da yawa sakayau yake. Akwai kuma waɗanda ake ciro wa daga tsofaffin batiran kwamfutar tafi-da-gidanka a sake musu riga. Wasu cikinsu asalinsu masu kyau ne, amma sun tsufa, ba ka san saura nawa a cikinsu ba.

Batirin 3,500mAh yana ɗauke da wuta kimanin watt 12 na awa guda. Lumen 1,000 na cin wajen watt 10. Ke nan ko da tocilar za ta iya riƙe wannan haske, awa ɗaya da 'yan mintuna ne batirin ya ƙare. Ba ma ta iya riƙewa. Ƙaramin jiki ba ya iya fitar da zafin, don haka bayan minti ɗaya zuwa uku na'urar ciki take rage hasken da kanta zuwa rabi ko ƙasa da haka. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, inda dare ma ba ya sanyi, ragewar tana zuwa da wuri. Ma'aunin FL1 kuma yana ƙirga awannin aiki ne har sai haske ya koma kashi 10 cikin 100 na farkonsa, saboda haka "awa 3" a kan mataki mafi ƙarfi ba ya nufin awa uku na cikakken haske. Matakin da ya kamata ka duba a takardar shi ne na tsakiya, lumen 150 zuwa 400, domin a nan za ka rayu. A lumen 150, batirin 18650 mai kyau zai iya raka ka kusan dare guda, na 21700 kuma ya ƙara kusan rabin haka a kai. A nan ma mai tsinin haske tana da wata riba da ba a cika faɗa ba: tun da haskenta a tare yake, a matakin tsakiya ma tana kai inda madaidaiciya sai ta ƙure ƙarfinta take kaiwa, batirinta kuma ya daɗe.

Tsakanin 18650 da 21700, in tocilar za ta kwana tana aiki, ɗauki 21700, ƙarin kaurin milimita uku ba ya damun hannu. Amma 18650 ya fi sauƙin samu a kasuwanninmu in naka ya mutu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne tocilar da aka rufe batirinta a ciki ba a cirewa, ko wadda sai batirin kamfaninta kaɗai take karɓa, ko mai cajar maganaɗisu ta musamman. Suna da kyau a ƙasashen da ake aiko maka da sabuwar waya cikin kwana biyu. A nan, ranar da wayar cajin ta ɓata, tocilar ta zama ajiya. Ramin USB-C shi ne daidai da mu, domin cajar waya, da fawa banki, da ƙaramin faifan sola, da mai cajin waya na bakin kasuwa duk za su yi mata. Sai dai wasu masu arha ba sa karɓar caji da waya mai USB-C a baki biyu, sai mai babban baki a ɗaya gefen. Gwada a shago kafin ka biya. Wasu kuma, kamar IF22A, suna iya juyawa su caja maka waya, abin da ke da amfani a ruga ko a gona.

Game da ruwa, akwai lambar kariya da ake rubutawa a kwali: IPX4 na nufin tana jure yayyafi da fantsama, IPX7 na nufin za ta yi minti 30 a zurfin mita ɗaya, IPX8 ya wuce haka. Masunci da mai noman rani kada su sauka ƙasa da IPX7. Raunin mai USB-C shi ne ɗan murfin roban da ke rufe ramin, in ya tsinke kariyar ta tafi, don haka a riƙa buɗe shi a hankali.

Maɓalli kuma ya danganta da aiki. Na gindi, wanda ake dannawa da babban yatsa, ya fi wa mai gadi, domin a duhu ba a laluben sa, kuma ana iya ɗan taɓa shi haske ya fito a saki ya mutu. Na gefe ya fi daɗin sauya mataki, amma yana shan wuta kaɗan-kaɗan ko tocilar na kashe, yana kuma iya kunnuwa a aljihu, tocila mai lumen 2,000 kuwa tana iya ƙona yadi. Maganin duka biyun ɗaya ne a yawancinsu: ɗan warware murfin gindin kwata guda in za ka ajiye. Ka nemi wadda ke tuna matakin da ka kashe ta a kai, wadda ta ɓoye walƙiya sai an danna sau biyu ko uku, wadda kuma ke da ɗan mataki na lumen ɗaya ko biyu don duba yaro da dare ba tare da an tashi kowa ba.

In kana gaban mai shago, ka roƙe shi ka cire batirin ka ji nauyinsa ka karanta abin da aka rubuta. Duba zaren murfin ko akwai zoben roba a kai. Kunna ta a mataki mafi ƙarfi ka riƙe minti biyu: jikin alminiyam ya kamata ya ɗumama, alamar zafin ƙwan yana fita waje ke nan, wadda ta ce lumen dubbai gare ta amma ta zauna da sanyinta ba ta ba da abin da ta faɗa. Batirin litiyam kuma kada a bar shi a mota cikin rana, kada a jefa shi tsirara a aljihu tare da makullai ko tsabar kuɗi, wanda rigarsa ta yage kuma a sake masa riga ko a daina amfani da shi.